Maɓallan Da Ke Riƙe Nailan: Yadda Yawan Amayid Ke Sauya Halin Roba

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, da waɗanda suka fi son su karanta a tsanake. Yau kemistiri za mu taɓa, amma kada kowa ya gudu, ba jarrabawa zan yi muku ba.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. A Najeriya in ka ji wani a kasuwa ya ce a sa masa kaya a "nailan", to leda yake nufi. Ledar nan kuwa ba nailan ba ce ko kaɗan, sunanta a wajen masana foliyetilin. Nailan na gaskiya shi ne gashin burushin goge haƙori, shi ne zaren fatsa da na tarun masunta, shi ne 'yan maɗauran robar nan masu haƙora da masu wayarin ke ɗaure wayoyi da su. Leda in ta kai zafin digiri 110 zuwa 130 a ma'aunin Salshiyas ta narke. Nailan ɗin da aka fi sani kuwa sai ya kai wajen digiri 260. Abin mamakin shi ne, in ka duba ginin su biyun, akasarinsu abu ɗaya ne: dogayen sarƙoƙi na kabon da haidurojin. To me ya kawo wannan tazarar ta sama da digiri ɗari?

Wani ɗan ƙulli ne na ƙwayoyin zarra huɗu kacal da ke maimaita kansa a jikin sarƙar nailan, wanda leda ba ta da shi. Sunansa amayid. Kuma abin da nake so mu bi diddiginsa yau shi ne yawansa: idan an cusa amayid da yawa a sarƙar me ke faruwa, idan an rage shi me ke faruwa.

Da farko, folima. Kalmar tana nufin duk wani abu da aka gina ta hanyar jona ƙananan ƙwayoyin sinadari ɗaruruwa ko dubbai, ɗaya a bayan ɗaya, har su zama doguwar sarƙa. Roba folima ce, auduga folima ce, gashin kanka ma folima ne. Shi kuma amayid, ga yadda yake: kabon ɗaya yana riƙe da oksijin, a gefensa kuma yana riƙe da naitirojin, shi kuma naitirojin ɗin yana riƙe da haidurojin. Shi ke nan. Ana samunsa ne idan asid ya haɗu da wani nau'in sinadari mai naitirojin da ake kira emin. Suna haɗuwa sai su tofar da ƙwayar ruwa ɗaya, su manne da juna. Ku riƙe zancen ruwan nan, za mu dawo kansa, don shi ne ke dagula lissafi a gaba.

Oksijin da naitirojin duka masu haɗama ne wajen jawo lantarki zuwa gefensu. Saboda haka oksijin ɗin amayid yana ɗauke da ɗan cajin lantarki mai alamar ragi, haidurojin ɗin da ke kan naitirojin kuma yana ɗauke da ɗan caji mai alamar ƙari. To idan sarƙa biyu suka kwanta kusa da juna, haidurojin na wannan sai ya kamo oksijin na waccan, kamar maganaɗisu. Wannan shi ake kira riƙon haidurojin. Ni dai na fi ganinsa kamar maɓallin riga. Ɓangaren rigar biyu su ne sarƙoƙin, amayid kuma shi ne maɓalli da ramin maɓalli a lokaci guda. Maɓalli ɗaya ba wani ƙarfi gare shi ba, bai kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin ɗaurin da ke riƙe ita sarƙar kanta ba. Amma fa sarƙa ɗaya tana da su sama da ɗari, kuma kowace sarƙa tana maƙale da maƙwabtanta. Sarkin yawa ai ya fi sarkin ƙarfi. Ita leda ba ta da maɓalli ko ɗaya, sarƙoƙinta kwance kawai suke a kan juna, zafi kaɗan sai su fara zamewa.

Ga wani ɗan misali da nake so sosai, don yana nuna cewa maɓallin ne ke aikin. Akwai wani ƙaramin amayid mai suna asitamayid. Daskararre ne, sai ya kai wajen digiri 80 yake narkewa. In ka cire haidurojin biyun da ke kan naitirojin ɗinsa ka sa ƙananan gungun kabon a madadinsu, ƙwayar ta ƙara nauyi, don haka za ka zaci za ta ƙara daskarewa. Ina! Sai ta koma ruwa-ruwa, ba ta daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Ka cire maɓalli ka bar rami kawai, riga ta buɗe.

Mutanen da suka fara cin moriyar wannan a masana'anta suna Amurka ne, a ɗakin binciken kamfanin DuPont da ke Wilmington a jihar Delaware. A 1928 kamfanin ya ɗauko wani matashin malami daga Jami'ar Harvard, Wallace Carothers, ya ba shi ɗakin gwaji da ma'aikata. A 1930 wani abokin aikinsa, Julian Hill, ya tsoma sanda a cikin wata narkakkiyar folima ya jawo, sai ga zare ya biyo, kuma da ya ƙara jan zaren bayan ya huce sai ya ƙara ƙarfi. Murna ta kama su, amma ba ta daɗe ba. Folimar nan dangin foliyesta ce ta farko-farko, ba ta da naitirojin mai riƙe haidurojin, wato ba ta da maɓalli. Zaren yana narkewa tun zafi bai kai na tafasasshen ruwa ba. Wa zai sayi rigar da ba za ta ga dutsen guga ba? Sai da suka koma kan amayid sannan ƙofa ta buɗe. Ranar 28 ga Fabrairun 1935 aka fara haɗa nailan 6,6 a ɗakin gwajin nan. A 1938 ya shiga kasuwa a matsayin gashin burushin haƙori, ranar 15 ga Mayun 1940 kuma aka fara sayar da dogayen safar mata na nailan a faɗin Amurka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi zafi sai aka juya shi zuwa laimar saukowa daga jirgin sama da igiyoyi da zaren cikin taya. Shi Carothers bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, ya rasu a 1937.

Yanzu ga lambobin nan da kuke gani a bayan sunan, 6,6 ko 6 ko 12. Ba lambar kamfani ba ce. Ƙirgen kabon ne. A nailan 6,6, emin ɗin yana da kabon shida, asid ɗin ma shida. Idan lamba ɗaya ce tak, kamar nailan 6 wanda Paul Schlack ya haɗa a Jamus a 1938, to ƙwaya ɗaya ce mai kabon shida take jona kanta da 'yan uwanta. Ma'ana lambar tana gaya maka tazarar da ke tsakanin maɓalli da maɓalli. Ƙaramar lamba, maɓallai a cushe. Babbar lamba, maɓallai jefi-jefi, tsakaninsu kuma dogon zaren kabon ne mai kama da na leda.

To ku saurari yadda zafin narkewa ke bin wannan tazarar. Nailan 4,6 yana da amayid ɗaya a kowane kabon biyar, yana narkewa wajen digiri 295. Nailan 6,6, amayid ɗaya a kowane kabon shida, wajen digiri 260. Nailan 6,10, ɗaya a kowane takwas, wajen 220. Nailan 11 wajen 190. Nailan 12 wajen 180. In ka ci gaba da tsawaita tazarar, a hankali za ka gangaro zuwa halin leda, domin leda ai kamar nailan ce da aka cire wa maɓallai gaba ɗaya.

Amma akwai wani ɗan saɓani da mai lura zai kama ni da shi. Nailan 6 da nailan 6,6 yawan amayid ɗinsu daidai yake, ɗaya a kowane kabon shida. Duk da haka nailan 6 yana narkewa wajen digiri 220, wato ƙasa da ɗan uwansa da kusan digiri 40. Me ya sa? Saboda ba yawan maɓallai kawai ake dubawa ba, har da yadda suke fuskantar juna. Sarƙar 6,6 ko ta wane ɓangare ka karanto ta iri ɗaya ce, don haka duk yadda ta kwanta kusa da 'yar uwarta suna saurin daidaitawa. Sarƙar nailan 6 kuwa tana da kai da wutsiya, amayid ɗinta duk gefe ɗaya suke kallo, sai maƙwabciyarta ta juyo ta kwanta kai da ƙafa kafin maɓallan su zauna yadda ya kamata. Duk wanda ya taɓa saka maɓallin riga a karkace ya san maɓallan suna nan cif, amma rigar ba ta zauna ba.

Yanzu mu zo inda labarin ya fi daɗi a wajena. Da a ce amayid ƙarfi kawai yake kawowa, da kowa ya cusa shi iya cusawa an wuce wajen. Matsalar ita ce ruwa ma ya iya riƙon haidurojin, har ma ya fi kowa iyawa. Ƙwayar ruwa ƙarama ce, tana kutsawa tsakanin sarƙoƙi ta sami amayid ta maƙale masa. Maɓallin da ya kamata ya riƙe sarƙar maƙwabciya sai ya koma riƙe ruwa. Don haka gwargwadon yawan amayid, gwargwadon ƙishirwar nailan. In ka jiƙa nailan 4,6 har ya ƙoshi, zai sha ruwan da ya haura kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa. Nailan 6 wajen kashi 9 zuwa 10. Nailan 6,6 wajen kashi 8. Nailan 6,10 kashi 3 da ɗan wani abu. Nailan 12 wajen kashi ɗaya da rabi. Leda kuwa kusan ba ta sha ko kaɗan, shi ya sa ake ƙulla ruwa a cikinta.

Ruwan nan da ya shiga yana sauya hali sosai. Busasshen nailan 6 a zafin ɗaki ƙiƙam yake, sarƙoƙinsa ba sa fara motsi sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60. Da ya sha ruwa ya ƙoshi, wannan matakin yana faɗowa har ƙasa da sifili, wato a zafin ɗaki ma sarƙoƙin suna walwala. Sai ya yi laushi, ya ɗan kumbura, ya rage ƙarfin ɗaukar kaya, amma kuma ya daina saurin karyewa in an buge shi. Igiyar nailan in ta jiƙe tana rasa wajen kashi 10 zuwa 15 na ƙarfinta, masu aiki da jiragen ruwa da masu hawan duwatsu sun san da wannan. A ɗaya gefen kuma, maɗauran wayoyin nan da na ambata, waɗanda galibi da nailan 6,6 ake yin su, suna buƙatar ɗan danshi a jikinsu kafin su lanƙwasu lafiya. Shi ya sa ake sayar da su a rufaffiyar leda. Ka buɗe ledar ka bar su a shago a tsakiyar hunturun Kano ko Damagaram, lokacin da iska ta bushe ƙayau har leɓe na tsagewa, ruwan jikinsu zai fice, ka zo ɗaurewa ka ji ƙas, ya karye. Mutum sai ya ce jabu aka sayar masa, alhali wani lokacin ƙishirwa ce kawai. In aka mayar da su wuri mai danshi na 'yan kwanaki suna dawowa hayyacinsu.

Injiniya kenan kullum ciniki yake yi: nawa zan biya da ƙarfin jure zafi don in sayi ƙin shan ruwa? Burushin haƙori kullum a jiƙe yake, in gashinsa ya sha ruwa da yawa zai langaɓe, don haka masu yin burushi mai kyau suka fi son nailan 6,12, mai maɓallai kaɗan. Kayan da ke kusa da injin mota inda zafi ya yi yawa, a nan ake neman 6,6 ko 4,6. Bututun mai da bututun iskar birkin manyan motoci kuwa ana son abin da ba ya kumbura, ba ya sauya girma tsakanin rani da damina, kuma gishirin da ake watsawa a titi a ƙasashen ƙanƙara ba ya tsattsaga shi. Wannan aikin nailan 12 da 11 ne.

Kuma kada ku ɗauka musanya ɗaya da ɗaya abu ne mai sauƙi. Ranar 31 ga Maris ɗin 2012 wata fashewa ta auku a masana'antar kamfanin Evonik da ke garin Marl a Jamus, ma'aikata biyu suka mutu. Masana'antar tana cikin 'yan ƙalilan da ke samar da sinadarin da ake fara haɗa nailan 12 da shi. Cikin 'yan makonni hankalin kamfanonin mota na duniya ya tashi, har manyansu da masu kawo musu kaya suka yi taron gaggawa a yankin Detroit a watan Afrilu, suna neman abin da zai maye gurbinsa. Nailan 6 da 6,6 suna nan jibge a kasuwa, masu araha ma, amma ba a iya ɗauka kawai a zura a bututun mai, saboda maɓallansu sun yi yawa.

Shi kuwa nailan 11, ɗan uwan 12, asalinsa zai ba ku mamaki. Daga man zurma ake yin sa, wato cika-gida, wannan tsiron mai faffaɗan ganye da ke fitowa da kansa a bayan gidaje da kan juji. Faransawa ne suka fara sarrafa shi zuwa nailan a shekarun 1940, suka sa masa suna Rilsan, har yau ana yin sa. Indiya ce ke noma mafi yawan zurmar duniya. Duk sanda na tuna wannan sai in riƙa kallon tsiron da wani ido daban.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan yawan amayid a jikin sarƙa ne. Akwai kuma wani yawan, na cikin tukunya lokacin da ake haɗa shi, kuma shi ma yana da nasa hukuncin.

Ku ɗauka kuna da tarin mutane kashi biyu, masu farar riga da masu baƙar riga, doka kuma ita ce mai fara sai dai ya kama hannun mai baƙa. Masu fara su ne asid, masu baƙa su ne emin, kowa hannunsa biyu. Carothers ya yi wani lissafi mai sauƙi da har yau ake koyarwa da sunansa. Idan kashi 90 cikin ɗari na hannayen suka kama juna, za ka ce ai an yi nisa, ko? To matsakaicin tsawon layi mutum goma ne kacal. Wannan ba zare ba ne, abu ne mai rugurgujewa kamar kakin kyandir. A kashi 98 layi ya kai mutum 50. Sai an kai kashi 99 sannan a sami mutum 100, inda ake fara maganar zaren kirki. Kusan duk tsawon sarƙar a 'yan matakan ƙarshe ake samunsa.

Sannan dole adadin ɓangarorin biyu ya zo daidai. In masu fara suka fi masu baƙa da kashi ɗaya kacal cikin ɗari, za a kai lokacin da kowane layi mai farar riga ne a bakinsa biyu, ba wanda zai kama wani, tsawon ya tsaya a wajen 200 ko da an kwana ana dafawa. In rarar ta kai kashi biyar, tsawon zai tsaya a wajen 40. Masana'anta ba ta dogara da sikeli kawai a nan. Dabarar da ake yi ita ce a fara haɗa asid ɗin da emin ɗin a ruwa su zama wani gishiri, wanda ake kira gishirin nailan, shi kuma gishirin da kansa ɗaya-da-ɗaya yake fitowa. Wani abin dariyar kuma, da gangan ake ɗiga ɗan asid mai hannu ɗaya, irin wanda ke cikin binega, don ya toshe bakin wasu sarƙoƙin kada su yi tsawon da narkakken nailan zai yi kaurin da inji ba zai iya tura shi ba.

Ga kuma ruwan da na ce ku riƙe. Kowane amayid da aka ƙulla yana fitar da ƙwayar ruwa ɗaya, kuma hanyar tana tafiya gaba tana dawowa baya. In ruwa ya taru a tukunya mai zafi, sai ya koma yana kwance amayid ɗin da aka ƙulla. Don haka a ƙarshen dahuwa, a zafin da ya kai wajen digiri 270 zuwa 280, sai a saki tururin ya fita, domin a tilasta wa haɗuwar ta ci gaba. Wannan dokar tana bin nailan har bayan ya bar masana'anta. Masu zubin kayan roba suna sayensa ne a matsayin 'yan ƙwayoyi kamar shinkafa, kuma in buhu ya kwana a buɗe ya sha danshi. Ka narka shi a haka, ruwan zai yayyanka sarƙoƙin a cikin injin, kayan su fito da kyan gani amma ba ƙwari. Shi ya sa ake busar da shi na sa'o'i a wajen digiri 80, har danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 0.2 cikin ɗari. A zafin ɗaki kuwa kada ku damu, amayid ɗauri ne mai taurin kai, ruwa zalla zai ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya kwance shi. Asid mai ƙarfi ne abokin gabarsa. Ruwan batir in ya zuba a igiyar nailan, ko ido bai ga komai ba, kada a sake amincewa da ita.

Yawan ruwan da aka tsarma kayan haɗin da shi ma yana da tasiri. Ƙwaya mai hannu biyu tana da zaɓi: ta kama wata, ko ta lanƙwaso ta kama wutsiyar kanta ta zama zobe. In tukunya a cushe take, maƙwabta sun yi yawa, sai a yi sarƙa. In an tsarma sosai, kowa ya yi nisa da kowa, wutsiyarta ce ta fi kusa, sai a yi zobe. Nailan 6 ma daga zobe ake fara shi, wani mai suna kafrolaktam, a buɗe shi a jona. Kuma ba ya taɓa buɗuwa duka, wajen kashi goma yana saura a matsayin zobe da 'yan guntaye, sai an wanke da ruwan zafi.

To idan aka cusa maɓallan har ƙarshe fa? Duba kanka. Furotin, wato abin da aka gina gashi da farce da siliki da ulu da shi, sarƙar amayid ce, ɗaya a kowane kabon biyu na jikin sarƙar. In da za a ba shi lamba da nailan 2 za a ce. Shi ya sa gashi ba ya narkewa ya zuba kamar leda, sai dai ya ƙone ya yi ƙauri, domin zafin da zai ɓalle maɓallan duka ya wuce zafin da sarƙar kanta za ta iya jurewa. Shi ya sa kuma ulu ke iya shan danshin da ya kai kusan kashi 30 na nauyinsa. 'Yan uwa mata kun fi mu sanin wannan a aikace: gashi in ya jiƙe yana laushi ya miƙe, in ya bushe a kitse ya riƙe lanƙwasar, in ya sake jiƙewa ya koma yadda yake. Maɓallai ne ruwa ke ɓallewa, su sake kamawa a sabon wuri.

A cikin waɗanda ɗan Adam ya haɗa, wanda ya kai maƙura shi ne Kevlar. A nan an cire zaren kabon mai lanƙwasuwa da ke tsakanin amayid da amayid, an sa zoben kabon shida mai tauri, sai sarƙar ta zama kamar sanda. Stephanie Kwolek ce ta buɗe wannan hanya a DuPont a 1965, tana neman zare mara nauyi da zai ƙarfafa taya. Abin da kowa ya sani a lokacin shi ne, in ka narkar da folima a ruwan sinadari, gwargwadon yawanta gwargwadon kaurinsa, kuma garau yake fitowa kamar zuma. Nata sai ya fito tsararo, ga shi dishi-dishi kamar tsarmammen nono. Irin wannan zubarwa ake yi. Mai kula da injin kaɗa zaren ma da farko ƙi ya yi, yana tsoron datti ne zai toshe masa 'yan ramukan injin. Ta dage har ya yarda, zaren da ya fito kuwa ba su taɓa ganin mai ƙarfinsa ba.

Abin da ya faru shi ne, sanduna in kaɗan ne a ruwa kowace tana kallon inda ta ga dama, suna harɗe juna, kauri yana ƙaruwa. Da yawansu ya wuce wani mataki sai wuri ya ƙare, dole su jeru gefe ɗaya kamar ashana a kwali, jerarrun sanduna kuma zamewa suke a kan juna cikin sauƙi. Wato ka ƙara folima, kauri ya faɗi. Kuma tun kafin su fita daga injin sun riga sun jeru, kowane maɓalli yana kallon raminsa. Kevlar ya shiga kasuwa a 1971. Ba ya narkewa da wuta, sai dai ya lalace in zafi ya haura digiri 400 da wani abu, kuma riƙonsa ya yi ƙarfin da sai a cikin tsantsar asid ɗin salfurik ake iya narkar da shi a kaɗa zare. In aka auna nauyi da nauyi ya ninka ƙarfe ƙarfi kusan sau biyar, da shi ake yin rigar kare harsashi.

Na ƙarshe, wani amayid da ke cikin gidajenmu da yawa ba mu sani ba: yuriya, takin zamanin nan fari. Ƙaramar ƙwaya ce amma kusan duk jikinta maɓallai ne, shi ya sa buhunta in ya sha danshin damina yake dunƙulewa. Tana iya shiga tsakanin sarƙoƙin furotin kamar yadda ruwa ke shiga nailan, kuma yawanta ne ke yanke abin da za ta yi. A man shafawa, wajen kashi 10 cikin ɗari, aikinta ta jawo danshi ta riƙe a fata, shi ya sa ake sa ta a man faso da kaushi. A kashi 40 kuwa, tana sassauta furotin ɗin da kansa, har likitocin fata suna amfani da ita wajen tausasa farcen da ya lalace don a cire shi ba tare da tiyata ba. Don Allah kada wani ya je ya kwaɓa takin gona ya shafa a ƙafa, wanda ake sa wa a magani tacacce ne, kuma mai kashi 40 ɗin sai da shawarar likita. Amma in kuna da man shafawa a kusa, ku juya bayan robar ku karanta jerin abubuwan da ke ciki, wasunku za su ga sunanta a wajen.

Nan za mu dakata. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, zan ɗauko wasu in amsa a farkon shiri na gaba.